Ina da lasisin bindiga na Texas, zan iya shiga barikin soja ko ofishin gwamnati da ita?

"Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne a Houston. Ina da girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, ina kuma da lasisin jihar Texas na ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, saboda yawan tafiyar dare. Kwanan nan kamfaninmu ya fara ba ni lodin da ake saukewa a cikin barikin soja. Wani abokin aikina ya ce in dai bindigar tana kulle a mota babu komai. Wani kuma ya ce ko gidan waya na shiga da ita ɗauri ne. Wanne ne gaskiya? In kuma na isa ƙofar bariki sannan na tuna tana tare da ni, yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya. Na farkon kuwa, in ka bi shawararsa, kana iya rasa aikin da lasisin, har ma da girin kad ɗin. Tambayarka a dunƙule ita ce: ina ƙarfin lasisin Texas yake tsayawa? Amsar kuma ita ce yana tsayawa ne a inda filin gwamnatin tarayya ya fara. Jiha ce ta ba ka shi, dokar jiha kawai ya ɗauke maka. Kamar takardar izini ce daga hakimi, tana aiki a gundumarsa, amma ba ta buɗe maka ƙofar fadar sarki. Saboda haka duk inda za ka tsaya da bindiga a jikinka ko a motarka, abin da za ka fara tambaya shi ne filin na wane ne, na tarayya, na jiha, ko na ɗan kasuwa.

Masu karatu a Najeriya za su iya mamakin tambayar ma, tunda a dokar makamai ta 1959 fistol da libarba suna cikin jerin da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. A Amurka ba haka ba ne. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu ya ba mutum haƙƙin mallakar makami, kuma a shari'ar Heller ta 2008 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙi ne na kowane mutum shi kaɗai, ba sai yana cikin wata runduna ba. A shari'ar Bruen ta watan Yunin 2022 ta ƙara da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje don kare kai. Jihohi 29 sun riga sun daina neman lasisi kafin a ɗauki ƙaramar bindiga, Texas na cikinsu tun 1 ga Satumba, 2021. Sai dai a cikin waɗannan hukunce-hukuncen guda biyu alƙalan sun bar ƙofa a buɗe ga abin da suka kira wurare masu buƙatar kulawa ta musamman. Heller ta ambaci makarantu da gine-ginen gwamnati, Bruen ta ambaci majalisun dokoki da rumfunan zaɓe da kotuna. A nan ne duk maganarmu take.

Dokar gine-ginen tarayya

Babbar dokar ita ce sashe na 930 na kundi na 18 na dokokin tarayya, wadda aka kafa a 1988. Ta ce duk wanda ya shiga ginin tarayya da bindiga ko wani makami mai haɗari yana sane, ko ya sa aka shigar da shi, ko ma ya yi yunƙurin shiga, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tara, ko duka biyun. In ginin kotun tarayya ne, shekara 2. In an tabbatar ya shiga da ita ne da niyyar aikata laifi, shekara 5. Ka lura, dokar ba ta damu da a ɓoye take ko a fili ba, ba ta kuma damu da akwai harsashi a ciki ko babu ba. Wuƙar aljihu ma tana shiga ciki, sai wadda tsawon kaifinta bai kai inci biyu da rabi ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ma'anar "ginin tarayya". Dokar ta ce gini ne, ko wani ɓangare na gini, mallakar gwamnatin tarayya ko wanda ta kama haya, inda ma'aikatanta suke zuwa aiki a kai a kai. Kalmar haya ɗin nan ita ce tarkon. Ofishin Social Security, hukumar fanshon tsufa ta tarayya, da ke tsakanin shagon aski da kantin sayar da waya a rukunin shaguna ginin tarayya ne. Ofishin haraji na IRS da ke hawa na huɗu a benen 'yan kasuwa, wannan hawan ginin tarayya ne. Ofishin ɗaukar sababbin sojoji a bakin titi, shi ma haka. Ofishin shige da fice na USCIS, inda za ka je ranar ganawar neman zama ɗan ƙasa, shi ma haka, kuma masu gadin ƙofar ba sa karɓar ajiyar bindiga. In na'ura ta nuna ta a jakarka, ba za a ce ka koma ka ajiye ba dole, ana iya rubuta maka tuhuma a nan take, domin yunƙurin shiga ma laifi ne.

Akwai kariya guda a cikin dokar. Dole a liƙa sanarwa a fili a kowace ƙofar da jama'a ke shiga, kuma ba za a kama mutum da laifi ba in babu sanarwar, sai in an nuna ya riga ya san dokar ta wata hanya. A aikace wannan kariyar ba ta cika ceton kowa ba. Sanarwar yawanci 'yar takarda ce a jikin gilashin ƙofa, mai hoton bindiga da jan layi a kai, kuma mai gabatar da ƙara zai kawo hotonta kotu. Wanda ya zauna ajin neman lasisi kuma da wuya ya gamsar da alƙali cewa bai taɓa jin wannan doka ba.

Za ka ji wasu suna kafa hujja da wata jimla a sashen, wadda ta keɓe ɗaukar bindiga don farauta "ko wasu halaltattun dalilai". Suna cewa ai kare kai halaltaccen dalili ne. Kotunan da suka duba wannan hujja sun taƙaita ma'anar jimlar sosai, sun ɗauke ta a kan dalilin da ke da alaƙa da shi kansa wurin. Ban ba kowa shawarar ya gwada sa'arsa da ita ba, balle mai girin kad.

Filin ajiye motoci

Daga nan ne maganar abokinka na farko ta samo asali, kuma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta. Sashe na 930 gini ya ambata, bai ambaci filin fakin ba. Matsalar ita ce hukumomi da dama suna da tasu ƙa'idar daban wadda ta rufe filin gaba ɗaya, daga bakin titi har bangon baya.

Gidan waya ne misali na farko. Ƙa'idarsu ta hana ɗaukar bindiga a fili ko a ɓoye, ta kuma hana ajiye ta, a duk wani fili na hukumar. Hukuncin tara ne ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta biyar, wadda Texas da Louisiana da Mississippi ke ƙarƙashinta, ta tabbatar da hukuncin wani ma'aikacin gidan waya a shari'ar Dorosan, wanda bindigarsa tana cikin motarsa ne a filin fakin na ma'aikata. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta goma ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Bonidy. Mutumin yana da lasisin Colorado, yana zaune a yankin garin Avon inda ba a kai wasiƙa gida, dole sai ya je gidan waya ya ɗauka. Ya nemi a bar shi ko da ajiye bindigar a mota ne. Kotu ta ce a'a, har filin fakin.

Gaskiya ne bayan Bruen an fara girgiza wannan ƙa'ida. A watan Janairun 2024 wata alƙaliyar tarayya a Tampa ta jihar Florida ta yi watsi da tuhumar wani direban gidan waya, ta ce hana shi shiga da bindiga ya saɓa wa tsarin mulki. A 2025 wani alƙalin tarayya a arewacin Texas shi ma ya yanke hukunci cewa ƙa'idar ta saɓa wa tsarin mulki. Amma hukuncin kotun matakin farko waɗanda ke cikin shari'ar yake karewa, bai goge dokar daga littafi ba. Ɗan ƙasa mai kuɗin lauya da sha'awar kai magana har Kotun Ƙoli yana iya jingina da shi. Kai da lodi ke jiranka, ka yi fakin a titi ko a filin da ba na gidan waya ba, ka kulle bindigar, ka taka da ƙafa.

Asibitoci da maƙabartun ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, su ma ƙa'idarsu fili ta ambata, ba gini kaɗai ba. Tarar bindiga a can dala 500 ce a jadawalinsu, kuma alƙali na iya ɗaure mutum har wata 6. Direbobi suna yawan kai kaya waɗannan asibitoci, ka sa wannan a ranka. Harabar majalisar dokoki a Washington ta fi tsanani, ɗauri har shekara 5. Shari'ar Class ta nuna yadda abin yake: a 2013 wani mutum daga North Carolina ya yi fakin a wani fili da ke da ɗan nisa da ginin majalisar, bindigoginsa na kulle a mota, ashe filin yana cikin harabar a taswirar doka. Ya ce babu allon da ya gaya masa haka. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta tabbatar da hukuncinsa.

Gandun daji na ƙasa ne kaɗai suka saɓa. Tun 22 ga Fabrairu, 2010, ana bin dokar jihar da gandun yake ciki, to in lasisinka na aiki a jihar kana iya yawo da ita. Amma ofishin baƙi da ofishin masu gadin daji gine-ginen tarayya ne, sashe na 930 na nan a bakin ƙofarsu.

Barikin soja

Bariki ya fi duk waɗannan tsauri, domin ba doka ɗaya ke aiki a cikinsa ba. Gine-ginen ciki suna ƙarƙashin sashe na 930. Filin gaba ɗaya kuma, da titunansa da wuraren sauke kaya, yana ƙarƙashin umarnin kwamandan barikin, kuma umarnin nan yana da haƙoran doka. Sashe na 797 na kundi na 50, wanda ya fito daga dokar tsaron cikin gida ta 1950, ya ce wanda ya karya ƙa'idar tsaron kadarorin soja da gangan yana iya shan ɗaurin shekara 1. Sashe na 1382 na kundi na 18 kuma ya tanadi wata 6 ga wanda ya shiga bariki don wani abin da doka ko ƙa'ida ta hana, ko ya dawo bayan an kore shi. Ƙa'idar sojan ƙasa mai lamba 190-11 ta faɗa ƙarara cewa lasisin jiha na ɗaukar bindiga a ɓoye ba ya aiki a barikinsu.

Mutane kan yi mamaki su ji cewa sojan da kansa ba ya yawo da bindigarsa a bariki yadda ya ga dama. Tsarin da aka saba shi ne, wanda yake kwana a ɗakunan bariki ya ajiye bindigarsa ta kansa a ma'ajiyar makamai ta rundunarsa. Wanda yake gidan iyali a cikin bariki ya yi mata rajista a ofishin 'yan sandan soja. In zai kai ta filin harbi ko farauta, ya cire harsashi, ya sa ta a but ko akwati, ya tafi kai tsaye ba tare da tsayawa kanti ko masallaci ko coci ba. Umarnin ma'aikatar tsaro mai lamba 5210.56, tun fitowarsa ta 1992, ya taƙaita riƙe makami a bakin aiki ga masu aikin tsaro da 'yan sanda.

An sha muhawara a kan wannan bayan kashe-kashen da aka yi a cikin barikoki: Fort Hood a Nuwamban 2009 inda aka kashe mutum 13, harabar sojan ruwa ta Washington a Satumban 2013 inda aka kashe 12, Fort Hood kuma a Afrilun 2014, sai Chattanooga a Yulin 2015 inda aka kashe sojoji 5. Masu neman a sassauta suna cewa an tara mutanen da suka fi kowa iya bindiga an bar su hannu wofi. Kwamandoji da yawa kuma suna duba wani abin daban: dubban samari a wuri guda, ga giya, ga rigimar aure, ga matsalar kashe kai wadda ta daɗe tana damun rundunar, sannan in harbi ya tashi 'yan sandan soja su iso su tarar da mutum biyar riƙe da bindiga cikin kayan gida, ba su san wane ne maharin ba. A Nuwamban 2016 aka sabunta umarnin, aka ba kwamanda mai muƙamin Laftanar Kanar zuwa sama ikon bai wa ma'aikacin ma'aikatar tsaro da ya kai shekara 21 izini a rubuce ya riƙe bindigarsa don kare kai. Wannan ɓangaren yana sauyawa da sauyin shugabanni, kuma duk lokacin da aka taɓa shi za ka ga labari a intanet cewa "an halatta bindiga a bariki". Kada kanun labari ya ruɗe ka. Magana ce ta sojoji da ma'aikatan ma'aikatar, da izinin kwamandansu. Direban da ya kawo lodi daga waje ba ya ciki.

Ga yadda abin yake a ƙofa. Manyan motoci ba sa bin ƙofar kowa da kowa, akwai ƙofar binciken motocin kaya. Za a karɓi lasisin tuƙinka da takardar lodi, a duba sunanka a kwamfuta, sau da yawa a sa ka sauko ka buɗe ƙofofi da bonet da akwatunan gefe. Ana leƙa ƙarƙashin mota da madubi, ana shiga ɗakin barcin da ke bayan kujera, wani lokaci a zagaya da kare ko a wuce da motar ta na'urar haska kaya. Tun kafin rumfar masu gadi akwai allo da ke cewa shigowarka amincewa ce a bincike ka da motarka. Wannan na nufin hujjar "ba su da takardar bincike" ba ta da wurin zama a nan. Sannan filin soja yakan fara ne tun daga allon ko wani layi a kan titi, ba daga sandar da ake ɗagawa ba. Kana cikin layin jira, ka riga ka shiga.

In aka samu bindigar, abin da ya fi faruwa shi ne a karɓe ta, a tsare ka na wasu sa'o'i, a rubuta maka takardar tuhuma ta zuwa gaban majistaren tarayya, kwamanda kuma ya ba ka takardar kora daga barikin. Takardar korar ba ta buƙatar shari'a, kuma da yake barikoki suna duba suna a rumbun bayanai, tana iya bin ka zuwa wata ƙofar a wata jihar. Ga direba, wannan kaɗai ya isa kamfani ya sallame shi.

Wasu dokoki biyu da direbobi ke ambata, babu wadda ta taimaka a nan. Dokar 1986 ta ratsa jihohi, wadda ta ce in bindiga ba harsashi kuma tana kulle a inda hannu ba ya kaiwa kana iya wucewa da ita, kariya ce daga dokokin jihohi da ƙananan hukumomi, ba ta shafi umarnin kwamandan bariki ba. Dokar 2004 da ta ba 'yan sanda da tsofaffin 'yan sanda damar ɗaukar bindiga a ɓoye a ko'ina cikin ƙasar, ita ma ba ta buɗe musu gine-ginen tarayya ba.

Gine-ginen jiha da na birni

Nan kowace jiha da nata, sai ka duba ɗaya bayan ɗaya. Texas tana da sassauci: mai lasisi yana shiga ginin majalisar jiha a Austin da bindigarsa, kuma doka ta hana hukumomin jiha da na birni liƙa allon korar masu lasisi a inda dokar jiha ba ta hana ba. Duk da haka sashe na 46.03 na dokar laifukanta ya hana kotuna da ofisoshinsu, rumfar zaɓe, makarantu, gidan yari, da ɓangaren filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike. Virginia ta hana bindiga a gine-ginen jiha da dandalin majalisarta tun 2021. New York ta yi dokar 2022 mai dogon jerin wuraren da aka hana, kuma ba ta ma karɓar lasisin Texas. Mai tirela da ke ratsa jihohi biyar a kwana biyu, dokoki biyar ne a kansa.

Abin da ya shafe ka kai musamman

Da ɗan ƙasa ne ya yi wannan tambaya, da na ce mafi munin abin da zai same shi a yawancin lokuta tara ce da rasa bindiga da ɓata suna. Kai lissafinka daban ne. Dokar shige da fice, sashe na 237(a)(2)(C), ta ce duk baƙon da kotu ta samu da laifin mallaka ko ɗauka ko amfani da bindiga ba bisa doka ba, a ƙarƙashin kowace doka, a kowane lokaci bayan shigowarsa, ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Ba ta ce sai babban laifi ba. Ba ta ce sai an ɗaure shi ba. Girin kad na shekara ashirin da 'ya'ya 'yan ƙasa ba su hana a buɗe masa fayil.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wajen son a gama magana da wuri. Takardar tuhumar tana kama da tikitin gudun wuce ƙa'ida, wani lokaci ma da adadin kuɗin da za ka biya ta intanet ka huta. Ko mai gabatar da ƙara ya ce ka amsa laifi, tara ce kawai, ba kwana ko ɗaya a gidan yari. Ga ɗan ƙasa ciniki ne mai kyau. Gare ka kuwa amsa laifin ita ce takardar da hukumar shige da fice za ta ɗauka. Kada ka biya, kada ka sa hannu, kada ka amsa komai sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya karanta ainihin sashen da aka tuhume ka da shi, domin kalmomin sashen ne ke yanke ko laifin ya shiga rukunin bindiga ko bai shiga ba. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne lauyan mai laifi ya faɗa masa haɗarin kora kafin ya amsa laifi. Shi ma mai ƙarar direban babbar mota ne mai girin kad, ya shekara fiye da 40 a ƙasar, har yaƙin Vietnam ya je, lauyansa ya ce masa kada ya damu. Ko an wanke ka, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa zai tambaye ka duk wani kamu ko tuhuma, sai ka adana takardun kotun.

Ga 'yan'uwa masu bizar karatu ko ziyara ko aiki na wucin gadi da ke karanta wannan: ku dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga ko harsashi ma baki ɗaya, sai ta wasu 'yan ƙofofi kamar lasisin farauta mai aiki. Hukuncin ya kai shekara 15.

Abin da za ka yi

Mafi sauƙi, ranar da lodin bariki ne bindigar ta kwana a gida cikin akwatin ƙarfe. Ka roƙi mai raba lodi a kamfaninku ya riƙa faɗa maka tun kafin ka tashi in akwai bariki, asibitin VA, gidan waya ko gidan yari a jerin wuraren saukewa. Ka kuma karanta ƙa'idar kamfanin, domin babu dokar tarayya da ta hana direban tirela riƙe bindiga don kawai shi direba ne, amma kamfanoni da yawa sun hana a motarsu.

Kafin ka tashi ka bincike motar da hannunka, ba da ido kawai ba: ƙarƙashin katifa, aljihun ƙofa, aljihun gaban mota, jakar wanka, rigar sanyi da ke rataye. Ba bindiga kaɗai kake nema ba. Harsashi guda da ya gangara ƙarƙashin kujera, ko magazin da aka manta a jaka, ya isa a sauke komai na motar a yini ana bincike. In motar ta haɗin gwiwa ce, ka tambayi abokin tuƙinka kai tsaye, tunda abin da aka samu a kan mota ku biyu za a fara tambaya.

In lodin ya same ka a hanya bindiga na tare da kai, ka kira ofishin baƙi ko ofishin 'yan sandan barikin tun kana nesa, ka ce kai direban kaya ne, kana da bindiga mai lasisi, me ƙa'idarsu ta ce. Kowane bariki da umarninsa, kuma nasu ne abin bi, ba nawa ba. Ka rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lokacin. Yawanci za su ce kada ka zo da ita, kuma ba sa karɓar ajiya a ƙofa. Kusa da manyan barikoki akan samu shagunan bindiga ko filayen harbi masu ba da hayar akwatin ajiya. Ka tambaye su abu ɗaya kafin ka miƙa: akwati ne da makullinsa ke hannunka, ko za su shigar da ita littafinsu? In sun shigar, karɓowa na iya buƙatar sabon binciken suna, kuma dillali ba ya miƙa ƙaramar bindiga ga wanda ba mazaunin jiharsa ba, sai ka ga an ce a aika ta Texas ka karɓa a can. Kada kuma ka bar ta wurin wani aboki a wata jiha, miƙa bindiga tsakanin mazauna jihohi biyu ba ta hannun dillali ba shi ma laifin tarayya ne. Ɓoye ta a ciyawa ko bayan tashar mai kuwa, ba sai na ce komai ba.

In kuwa ka riga ka shiga layi sannan ka tuna, in akwai halaltacciyar hanyar juyawa kafin allon, ka juya. In babu, kada ka yi ribas ko ka karya kan mota da gaggawa a gaban masu gadi, an horar da su su ɗauki wannan a matsayin barazana, kuma akwai shingen ƙarfe da ke tasowa daga ƙasa. Ka isa a hankali, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar ciki in dare ne, hannayenka biyu a kan sitiyari. Kafin ka miƙa kowace takarda ka ce kana da bindiga mai lasisi a mota, ka faɗi inda take, ka ce ba ka son shiga, kana roƙon a juya ka. Kada ka kai hannu wajenta, ko don ka nuna musu. Faɗar ba ta ba ka tabbacin tsira daga tuhuma, wannan yana hannunsu, amma sau da yawa wanda ya faɗa tun farko juya shi ake yi, wanda aka gano kuwa ba a juya shi. In sun tambaye ka ko akwai makami, kada ka ce babu: yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa a sashe na 1001, ɗauri har shekara 5, ya fi na bindigar nauyi. In abin ya wuce juyawa ya koma tsarewa da tambayoyi, ka ba da sunanka da takardunka, ka ce kana son lauya kafin ka ƙara magana, sannan ka kira kamfani su san inda lodinsu yake.